Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: A Ba Kowane Mai Taimako Kayan Aikinsa

Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Farfesa Muhammad Ali Pate,
Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya,
Abuja.



Ranka ya daɗe, dalilin wannan takarda shi ne wata magana da ba mu son ta fito fili a ƙasar nan: mutanen da ke kashe kansu, da kuma waɗanda Allah yake fara haɗa su da su kafin abin ya faru. Na zaɓi in rubuto a buɗe ne domin nauyin ya rabu biyu. Wani sashe yana kan teburinka, wani kuma yana wuyanmu, mu da muke zaune a unguwanni, muke haɗuwa a masallaci da coci da kasuwa da gidan suna.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe irin namu suke, masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A ƙididdigarta ta 2019 yankin Afirka ne a kan gaba, da mutum 11.2 cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9.0 ne. Game da Najeriya, hukumar ta yi kiyasin mutum 17,710 a 2016, sannan ta sauko zuwa kimanin 7,000 a 2019. Kai ma ka san ba mutuwar ce ta ragu haka cikin shekara uku ba. Hanyar lissafin ce ta sauya, domin duka biyun kirdado ne, tunda ba mu da cikakkiyar rajistar mace-mace. A wajenmu mutum kan rasu da hantsi a kai shi makwancinsa kafin la'asar, kuma gidan da wannan ibtila'i ya faɗa wa, abin da za ka ji a wurin zaman makoki shi ne "gajeruwar rashin lafiya ce." Abin da aka rufe haka ba ya shiga littafin kowa.

Yabon gwani ya zama dole. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulki. A ƙarshen 2023 ɗin, a zamaninka, ma'aikatarka ta fitar da tsarin ƙasa na rigakafin kashe kai na 2023 zuwa 2030. A Oktoban 2024 kuma ta kafa kwamitin da zai yi aikin cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka. Duk wannan aiki ne na kirki.

Sai dai ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma wasu daga cikinsu suna ta ficewa waje. Matashin da bashi ya yi wa katutu a Misau, ko amaryar da aka yi wa auren da ba ta so a Gumel, ko dattijon da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Zurmi, ba za su hau mota su nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ko Kware ko Dawanau ko Maiduguri ba. Sunan wurin kaɗai ya isa ya hana su. Wanda zai fara jin "na gaji da rayuwar nan" shi ne mai kemis ɗin bakin layi, ko limamin unguwa, ko malamar Islamiyya, ko ungozoma, ko ɗan sandan da ke kan kanta da tsakar dare. Roƙona shi ne a ba kowane ɗayansu abin da zai yi aiki da shi, daidai da matsayinsa, cikin harshen da yake ji, tare da sanin hannun da zai miƙa wa idan abin ya fi ƙarfinsa.

Ba daga tushe za a fara ba. Tun shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya take fitar da ƙananan littattafan jagora a kan rigakafin kashe kai, kowane rukuni da nasa: likitoci, ma'aikatan ƙananan asibitoci, malaman makaranta, 'yan jarida, jami'an gidan yari, da waɗanda suke son kafa ƙungiyar tallafa wa iyalan da aka yi wa rashi. A 2006 ta ƙara na masu ba da shawara da na wuraren aiki, a 2009 na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, a 2019 na masu shirya fim da na hukumomin da ke kula da magungunan feshi. Ba ta haɗa su a kundi guda ba saboda abin da gandiroba yake bukata a daren farko na sabon ɗaurarre dabam yake da abin da edita yake bukata kafin ya rubuta kanun labari. Kyauta suke a intanet. Amma ka sa a zaga ƙananan asibitocin ƙaramar hukuma ɗaya a Arewa, a tambayi wa ya taɓa ganin ɗaya daga cikinsu, za ka ji amsa.

Akwai abu uku da dukansu suka yi tarayya a kai. Na farko gane alama. Mutanenmu ba safai suke cewa "zan kashe kaina" ba. Cewa suke "gara in mutu in huta," ko "na zame muku wahala," ko kuma haka kawai mutum ya shiga bin dangi yana "ku yafe mini," yana biyan bashi, yana rabar da kayansa, ba tafiya a gabansa, ba ciwo a jikinsa. Na biyu tambaya kai tsaye. Da yawa suna tsoron idan sun tambaya su ne suka saka wa mutum tunanin. Bincike ya daɗe da rushe wannan tsoro, ciki har da wanda Madelyn Gould ta jagoranta a makarantun sakandare na Amurka aka buga a 2005: tambayar ba ta ƙara haɗari, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Na uku, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a raka shi wurin wanda ya fi sani. Amsar da muka saba bayarwa, "ka yi haƙuri" ko "ka ji tsoron Allah, kar in sake ji," da kyakkyawar niyya ake faɗarta, amma idan ita ta fara fitowa, bakin mai magana take rufewa.

Bari in fara da mutanenka, ma'aikatan lafiya. Wani nazari da aka buga a 2002, wanda ya tattara bincike 40 daga ƙasashen da ke da cikakken rikodi, ya gano cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka kashe kansu sun ga likitan matakin farko a cikin wata guda kafin mutuwarsu. A wajenmu ciwon damuwa ta jiki yake shigowa asibiti: ciwon kai da ba ya jin magani, faɗuwar gaba, rashin barci, "wani abu yana min yawo a jiki." Sai a rubuta maganin maleriya da taifod, a kira na gaba. Littafin mhGAP, wanda aka fitar a 2010 domin ma'aikatan da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, yana da babi guda a kan cutar da kai da kashe kai, kuma an riga an gwada shi a ƙasar nan, a Binuwai da Borno da wasu wurare. Ka yi alkawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 na matakin farko. A saka wannan babi a ciki, kuma a riƙa maimaitawa. A tsibirin Gotland na ƙasar Siwidin an horar da likitoci a 1983 da 1984 a kan gane ciwon damuwa, kashe kai ya ragu, amma bayan 'yan shekaru da aka bar horon sai adadin ya koma inda ya fito. Bita ɗaya a otal da kuɗin zama ba ta wadatar.

Abin da ya fi komai araha kuma shi muka fi sakaci da shi, wato bibiya. A yau idan aka kawo wanda ya yi yunƙuri, a ceto shi, a yi masa faɗa, a sallame shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gwaji a Birazil da Indiya da Siri Lanka da Iran da Sin a kan mutum 1,867 da aka kai asibiti bayan yunƙuri. Rabi aka yi musu yadda aka saba. Ɗaya rabin aka zauna da su na awa guda, sannan aka riƙa kiransu ko ziyartarsu lokaci zuwa lokaci har wata 18. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna kashi 2.2 cikin ɗari na rukunin farko sun mutu ta hanyar kashe kai, a rukuni na biyu kuwa kashi 0.2. Babu sabon magani, babu na'ura, gaisuwa ce da tambayar "yaya jiki, yaya zuciya?" Al'ummar da dubiya take cikin jininta bai kamata wannan ya gagare ta ba. A haɗa da 'yar takardar kariya wadda za a cike tare da majinyaci kafin ya bar asibiti: alamomin da yake ji idan abin zai taso, abin da ke kwantar masa da hankali, mutum biyu ko uku da zai kira, lambar ma'aikacin lafiya, da wanda zai ɗauki nauyin kawar da abin haɗari daga gida.

Mai kemis shi ne asibitin talaka, kuma shi ya san wanda ke zuwa kullum neman maganin barci. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma shaye-shaye yana cikin manyan abubuwan da ke tura mutum ga halaka kansa. Masu kemis suna da ƙungiya, suna sabunta lasisi. A sa ɗan horon sa'o'i kaɗan ya zama sharaɗin sabuntawar.

Yanzu ga waɗanda nake ganin sun fi kowa nauyi, wato malaman addini. Babu wanda yake jayayya cewa kashe kai haramun ne a Musulunci, zunubi ne a Kiristanci, kuma wannan imani garkuwa ne da ya tsare rayuka masu yawa. Matsalar tana zuwa ne idan wanda ciwon damuwa ya kama ya ji daga mumbari cewa halin da yake ciki rashin tawakkali ne. Sai ya ƙara wa ciwonsa kunya, ya daina zuwa wurin malamin da ya kamata ya zama mafakarsa. Alhali addinin ya fi haka faɗi. Jumhurin malamai, har da na mazhabar Malikiyya da muke bi, suna kan cewa wanda ya kashe kansa bai fita daga Musulunci ba: a yi masa wanka, a sallace shi, a binne shi a maƙabartar Musulmi. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin mutumin Ɗufailu ɗan Amru, wanda ya yi hijira zuwa Madina, ciwo ya tsananta masa har ya aikata abin da ya zama ajalinsa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa masa gafara. Malamanmu sun fi ni sanin wannan. Abin da suke bukata shi ne likita ya zauna da su ya nuna musu yadda ciwon yake, da iyakar inda nasiha take tsayawa magani ya karɓa.

Ta hannun malamin addini ma aikin sauraron masu ƙunci ta waya ya fara. Wani limamin coci a Ingila, Chad Varah, jana'izar farko da ya jagoranta ta wata yarinya ce 'yar shekara 14, wadda ta ga jinin al'ada ba ta san mene ne ba, ta zaci mugun ciwo ne, ba ta da wanda za ta tambaya, ta kashe kanta. Abin bai bar zuciyarsa ba, har ya kafa ƙungiyar Samaritans a Landan a 1953. A nan gida kuma Farfesa Thomas Adeoye Lambo tun 1954 ya haɗa aikin asibitin Aro da mutanen ƙauye da masu maganin gargajiya. Gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikacin asibiti ya yi aiki tare da masu addu'a da masu maganin gargajiya. Mai ruƙiyya ba zai daina karɓar mutane ba, don haka gara ya san alamar da idan ya gani zai ce "a ci gaba da addu'a, amma yau ɗin nan a kai shi asibiti." Abin da aka bankaɗo a gidajen mari na Rigasa da Daura a 2019 ya nuna inda iyalai suke kai 'ya'yansu idan ba su ga wata ƙofa ba. Littafin jagoran malamai kuwa kada a rubuta shi a ofis a aiko musu. Jama'atu Nasril Islam da ƙungiyar Kiristoci ta CAN da manyan malaman ɗariƙu da na Izala su zauna da likitoci su tsara shi, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Akwai kuma cikin gida, inda namiji ba ya shiga. Mai jego da ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, take cewa jaririn zai fi jin daɗi idan ba ta, ba rashin godiya ke damunta ba, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma yana da magani. Ungozoma da tsohuwar da ke yi mata wankan jego su ne za su fara gani. Haka matar da ake duka, da bazawarar da aka raba da 'ya'yanta, da yarinyar da aka yi wa fyaɗe aka ce ta rufa wa gida asiri. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. Mu ma muna da irin waɗannan iyaye mata a kowace unguwa, ga malaman Islamiyya, ga ƙungiyoyi irin su FOMWAN.

Malamin makaranta kuma bukatarsa biyu ce: ya gane yaron da ya sauya, ya kuma san abin da zai yi a makon da sakamakon jarrabawa ya fito, ko ranar da ɗalibi ya rasu ta wannan hanya, don kada wani ya bi sahu. A wani gwaji da aka yi a ƙasashen Turai 10 a kan ɗalibai kimanin 11,000, darasin sa'o'i biyar kacal a kan sanin damuwa da neman taimako ya rage yunƙurin kashe kai da kusan rabi cikin shekara guda. A ba Ma'aikatar Ilimi wannan aiki, kuma kada a manta da alarammomin tsangaya, waɗanda ke riƙe da yara masu nisa da iyayensu.

Ranka ya daɗe, duk abin da na lissafa yana cin karo da doka. Sashe na 327 na kundin dokokin laifuka na Kudu ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sashe na 231 na Final Kod da jihohin Arewa suka gada ya tanadi ɗauri har na shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun. Ta yaya uba zai kai ɗansa asibiti da wuri idan yana tsoron a kira 'yan sanda? Ta yaya malamar asibiti za ta rubuta gaskiya a kati? Ita kanta Ingila da ta kawo mana wannan doka ta soke tata tun 1961. Ghana ta soke a 2023, majalisar Malesiya, ƙasa mai rinjayen Musulmi, ta amince da sokewa a 2023 ɗin, babbar kotun Kenya kuma ta rushe tata a Janairun 2025. Jihar Legas tun a dokarta ta 2011 ta mayar da hukuncin ya zama umarnin kai mutum asibiti. Cire hukuncin ɗauri ba halatta abin ba ne. Haramcinsa yana nan daram tsakanin bawa da Ubangijinsa. Abin da ake cewa shi ne maras lafiya gado yake bukata, ba kurkuku ba. Kuma ko Majalisar Tarayya ta gama nata, dokokin laifuka na jihohi sai majalisun jihohi sun taɓa su. Kana zama da kwamishinonin lafiya a Majalisar Lafiya ta Ƙasa, kana da kunnen gwamnoni. A nan za a ci wannan yaƙi ko a faɗi.

Kafin dokar ta sauya da kuma bayanta, ɗan sanda da ɗan Hisba da ɗan kwana-kwana suna bukatar kati ɗan ƙarami a aljihu: a kori 'yan kallo, a hana ɗaukar bidiyo, mutum ɗaya ya yi magana a hankali, ba tsawa, ba wa'azi, ba ankwa, sannan a nufi asibiti. A gidajen gyaran hali, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna jiran shari'a suke yi, kwanakin farko na tsarewa su ne mafi haɗari. A gidan yarin Swansea na Birtaniya an fara horar da fursunoni a 1991 su zama masu sauraron 'yan'uwansu, tsarin ya bazu ko'ina a ƙasar, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa.

Sai wani rukuni da ba a cika lissafa shi cikin masu taimako ba: mai sayar da maganin feshi da malamin gona. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kashe kai a duniya ta hanyar magungunan ƙwari yake faruwa, galibi a karkara. Sau da yawa tsananin ƙuncin na ɗan lokaci ne, bayan faɗa ko saki ko wani abin kunya. Idan abin da ke kusa ba mai saurin kisa ba ne, mutum ya tsira, kuma bincike ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsira ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Siri Lanka ta bi magungunan feshi mafiya haɗari tana haramtawa ɗaya bayan ɗaya, kashe kai ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, an kiyasta an ceci rai 93,000, amfanin gona kuma bai ragu ba. A 2019 NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni da kantuna. Duk wanda ya shiga kasuwar ƙauye ranar da take ci zai ga yadda ake bin umarnin. NAFDAC a ƙarƙashinka take. A tsaurara, a kuma koya wa dillalai kada su sayar wa yaro, ko wanda ya zo a fusace, ko wanda bai san abin da zai fesa wa ba, manomi kuma ya kulle ragowar nesa da ɗakin kwana.

'Yan jarida da masu fim da masu shafukan Facebook da TikTok su ma suna da nasu. Labarin da ya bayyana yadda aka yi, ya nuna hoto, ya rataya mutuwar a kan dalili guda, kamar "saboda saurayinta ya fasa," yana jawo wasu su kwaikwaya. A birnin Biyana na Ostiriya jaridu sun sauya salon ba da irin wannan labari a 1987, kuma kashe kai a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ragu da sama da kashi 70 cikin ɗari. Labarin wanda ya shiga ƙunci ya fita kuwa kariya yake bayarwa. Ƙungiyar 'yan jarida da gidajen rediyo da masu shirya finafinan Kannywood suna bukatar ƙa'idoji na shafi ɗaya da za a liƙa a bango.

Kada kuma a manta da waɗanda aka bari. Iyalin wanda ya kashe kansa suna ɗauke da rashi da gori a lokaci guda, 'yan ta'aziyya su ragu, a yi ta raɗa, kuma su kansu haɗarinsu ya ƙaru. Mai unguwa da liman su ne za su fara shiga gidan don jama'a su biyo baya. Su ma masu taimakon, daga malamar asibiti zuwa sojan da ya dawo daga daji, suna bukatar wanda zai saurare su.

Na san za a ce ina kuɗi, ina hanya. Hanyar kai ka share ta. Lokacin da kake shugabantar Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko daga 2008 zuwa 2011, shan inna ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a Arewa. Ba ƙarin likitoci ne suka karya lagonsa ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin inuwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, saƙo ya gangara daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, mata masu wayar da kai suka shiga gida gida, har a Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Waɗannan mutane suna nan, an san sunayensu, an san lambobinsu.

Don haka ga abin da nake roƙo a taƙaice. Na ɗaya, a mayar da littattafan nan zuwa Hausa da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunanmu, a boko da ajami, kowane rukuni shafi biyu ko uku, tare da saƙon murya da za a iya turawa ta WhatsApp ko a sa a rediyo, kuma masu aikin su ne za su duba su kafin a buga. Na biyu, a kowace ƙaramar hukuma a samu ma'aikacin lafiya aƙalla ɗaya da ya samu horon mhGAP, wanda liman da malami da ɗan sanda suke da lambarsa, magungunan damuwa kuma su kasance a ƙananan asibitocin da Asusun Kula da Lafiya na Matakin Farko yake ɗaukar nauyinsu. Na uku, layin waya kyauta dare da rana, ko teburi na musamman a cikin 112, mai masu amsawa maza da mata da ke jin harsunanmu. Ƙungiyoyi irin su SURPIN, da ta faro daga asibitin koyarwa na Legas a 2017, da MANI sun riƙe wannan aiki da ɗan abin hannunsu, a gina a kan abin da suka sani. Na huɗu, bibiyar duk wanda aka sallama bayan yunƙuri ta zama ƙa'ida a kowane asibiti. Na biyar, a bi jihohi ɗaya bayan ɗaya har a gyara dokar. Na shida, manyan asibitoci su fara ajiye rikodi ba tare da suna ba, kuma kowace ranar 10 ga Satumba, ranar da duniya ta ware wa wannan batu tun 2003, ma'aikatarka ta faɗa wa jama'a mutum nawa aka horar, a wace jiha, a wane rukuni.

Tunda wasiƙar a buɗe take, ina da kalma ga mai karatun da wannan magana ta taɓa shi a inda yake ciwo. Halin da kake ciki yana da magani, kuma faɗarsa ba abin kunya ba ne. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi yau ɗin nan, ka bar shi ya raka ka asibiti mafi kusa. Idan abin ya matsa, a kira 112.

Ranka ya daɗe, ƙudurin da ƙasashen duniya suka sa wa hannu, har da Najeriya, shi ne rage kashe kai da kashi ɗaya cikin uku kafin 2030, kuma lokacin ya ƙarato. Ina roƙon ka sa wannan aiki a kasafin ma'aikatarka na baɗi da layinsa da kuɗinsa, ka kuma gabatar da shi a zaman Majalisar Lafiya ta Ƙasa mai zuwa. Allah ya taya ka riƙo, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan ƙasa daga Kano.